Wa zai biya kuɗin asibiti?

Malam, ka tambaya ko gwamnati ce ya kamata ta ɗauki kuɗin magani gaba ɗaya. A ganina ba duka ba, amma haihuwa da zazzaɓin yara kam wuyanta ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Mu nan Gombe kuma akwai GoHealth, wato hukumar inshorar lafiya ta jiha, ma'aikaci daga albashi ake cire masa, ya huta. To manomin Dukku fa? Daren da matar ƙanena ta yi naƙuda, safar hannu da ruwan da aka ƙara mata duk a kemis muka saya. Washegari akuyarsa ta tafi kasuwa.