Shin akwai aikin yi ga wanda ya karanta kimiyyar muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma ina sha'awar karanta kimiyyar muhalli a jami'a, amma mahaifina ya ce ƙarshenta duba-gari zan zama, gara in nemi aikin jinya. Don Allah a ba ni shawara. Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki yi wa Baba bayani cikin ladabi cewa aikin duba-gari sana'a ce mai mutunci, amma hanyarta daban ce, domin kwalejojin kiwon lafiya ne suka fi horar da masu yin ta. Masanin kimiyyar muhalli kuwa, aikinsa ya ɗebi ruwa ko ƙasa ko iska ya auna, ya gano abin da ya gurɓata su, sannan ya faɗi yadda za a gyara, saboda haka sai kin riƙe ilimin sinadarai da na halittu da labarin ƙasa hannu bibbiyu.

Ba sai kin je nesa neman misali ba. A 2010, gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya da ake yi a tsakar gida. Maganin likita kaɗai bai wadatar ba, tunda yaron da aka yi wa magani zai koma ya yi rarrafe a kan ƙurar da ta sa shi ciwon. Dole sai da masana muhalli suka auna ƙasar gida-gida, aka kankare samanta aka binne, aka zubo sabuwa.

Game da wuraren aiki, akwai ma'aikatun muhalli na tarayya da na jihohi, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, da NOSDRA mai kula da malalar mai, da hukumar dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, wadda ke aiki a jihohi 11 har da Zamfara. Sai dai guraben gwamnati ba su da yawa. A ganina kasuwar da ta fi ci ita ce ta kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin ayyuka ga muhalli, domin tun 1992 doka ta wajabta yin wannan bincike kafin a fara manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ko babbar masana'anta.

Kwalin digiri kaɗai ba ya buɗe waɗannan ƙofofi. Ki koyi zana taswira da kwamfuta, ki ƙware a aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma ki nemi yin horon sanin makamar aiki inda za a damƙa miki kayan awo, ba inda za ki wuni a kan benci ba. Kafin ki cike fom ɗin JAMB kuma, ki duba kwas ɗin da kyau: Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen kula da muhalli, amma tsangayar tsara muhalli ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, zanen gine-gine da tsara birane ta fi mayar da hankali a kai.