Hukuncin ɗaukar hoton yawon ƙananan halittun ruwa da sayar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce a fannin ilmin halittu. Nakan ɗebo ruwan kududdufi, in ɗiga ɗigo guda a kan gilashi, in sa ƙarƙashin madubin likita. Sai in bar idon kyamara a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi yayin da ƙananan halittun nan da ake kira filankiton ke ta iyo. Abin da ke fitowa zare-zaren haske ne a baƙin fili, wani a murɗe, wani kamar aikin hula. Mutane sun fara cewa in buga musu su rataya a falo, za su biya. Yayana kuwa ya ce surantawa ce da aka tsine wa mai yin ta. Ya halatta? Kuɗin fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, aikinki halal ne, kuɗinsa ma halal ne. Amma kada ki ga laifin yayanki, tsoronsa yana da asali. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa masu surantawa suna cikin mafi tsananin azaba ranar alƙiyama, kuma za a ce musu su raya abin da suka halitta. Abin dubawa shi ne ko naki ya shiga ciki.

Wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya ce da wannan yake ci. Ibn Abbas ya karanta masa hadisin azaba, mutumin ya firgita. Sai ya ce masa in ba makawa, ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai. Daga nan malamai suka fahimci cewa hanin yana kan surar mai rai. To, me ke cikin hotonki? Na roƙi wani malamin kimiyya ya nuna mini irinsa kafin in amsa, don ba a hukunci a kan abin da ba a gani ba. Ban ga kai ba, ban ga ido ko ƙafa ba. Na ga hanyar da halittar ta bi ne, wata ta yi ta juyi kamar ana murza igiya, wata tana tsalle tana tsayawa har layinta ya tsittsinke. Wannan sawu ne. Wanda ya ɗauki hoton sawun raƙumi a kan rairayi babu mai cewa ya suranta raƙumi.

Ko da jikin halittar ya fito ɓaro-ɓaro, maganar ba ta kai haramci ba. Da farko ma ba duk filankiton ne dabba ba. Da yawansu dangin tsiro ne da ke rayuwa da hasken rana, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take. Har cin su ake yi, domin koren abin nan da matan Kanembu ke kwasa su shanya a yankin Tafkin Cadi, wanda suke kira dihe, daga cikinsu yake. Waɗannan hukuncin bishiya gare su. Masu dangantaka da dabba kuwa, a mazhabar Malikiyya surar da ta haramta ita ce mai inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkun gaɓɓai. Ta kan takarda ko bango, iyakarta karhanci. Sannan kyamara ba hannu ba ce. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar da ya rasu a 1935, ya bayyana cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da ke bayyana a madubi. Shehu Ibn Usaimin ma ya tafi a kan cewa hoton nan-take bai shiga hadisin ba. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani sun hana sai da larura, kuma wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa. Abin da na rinjayar shi ne na farko, domin ke ba ki ƙaga sura ba, wadda Allah ya yi kika nuna.

Ni har lada nake yi miki fata in niyya ta gyaru. Allah ya rantse a Suratul Haƙƙa da abin da muke gani da abin da ba ma gani, kuma a Suratun Nahli ya ce yana halittar abin da ba mu sani ba. Waɗannan bayin Allah suna ta iyo tun fil azal, ɗan Adam bai lura da mafi ƙanƙantarsu ba sai a 1674, lokacin da wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya leƙa ruwan tafki ta gilashin da ya wasa da hannunsa. Iliminsu kuma ba wasa ba ne. Kurkunun da ya kwantar da iyayenmu a lokacin noma, ta cikin wani ƙuman ruwa daga wannan dangi yake shiga mutum. Sanin haka ya sa aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar a 2013.

Sai ki kiyaye wasu abubuwa. Zafin fitilar madubin yana busar da ɗigon, don haka kada ki bar su suna soyuwa saboda neman hoto mai kyau, Allah ya wajabta kyautatawa ga komai. In kin gama ki mayar da ragowar ruwan inda kika ɗebo. Wanda ya mutu ba da ganganci ba babu komai a kanki. In kin ƙara launi da kwamfuta ki gaya wa mai saye, kada ya ɗauka haka abin yake, wannan algus ne. Ki kuma shawarce shi kada ya rataya a alƙiblar inda yake salla, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da mayafi mai zane saboda ya ɗauke masa hankali a salla.

Ki nuna wa yayanki hoton cikin ladabi, ki tambaye shi surar wace dabba ya gani. Wallahu a'alam.