Tambaya da Amsa: Ɗalibaina sakamakon wasa kawai suke so

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da matasa aikin jarida a wata ƙaramar cibiya nan Garwa, bana aka ɗora min ɓangaren labarin wasanni. Yaran nan in dai ba maganar wa ya ci wa ba ce, ko miliyan nawa aka sayi wane, to hamma suke fara min. Na ce mu tattauna alaƙar wasa da al'ada da zaman jama'a, ɗaya ya ce min wai wannan ai tarihi ne, su rediyo za su yi. Ta ina zan ɓullo musu? Daga wata malama, unguwar Yelwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Ki fara da tambayarsu abu ɗaya: in sakamako ne kawai hajarsu, wa zai saya? Kafin alƙalin wasa ya cire usur daga baki mai moto da mai shayi duk sun gani a waya. Abin da ya rage wa ɗan jarida shi ne abin da wayar ba ta faɗa ba, kuma wallahi ku a Garwa kun fi kowa kayan aiki, ba sai kin ɗauko misali daga Faransa ba.

Ki tuna musu Janairun 2022 da aka buga wasannin rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau na gasar kofin Afirka a filin Roumdé Adjia na Garwa. Ranar 11 ga wata Iheanacho na Najeriya ya jefa wa Masar ɗaya, aka tashi a haka, wannan layi ɗaya ne a takarda. Amma ni ina cikin filin ranar, abin da na gani shi ne ƴan Garwa suna ihu kamar Kamaru ce ta ci, ana Hausa ana Fulatanci, baƙi daga Yola sun sauka gidajen dangi ba otal ba, don Binuwai ɗin nan da ta ratsa Garwa ita ce ta wuce Yola, auratayya da kasuwanci sun riga iyakar da Turawa suka shata. Da Tunisiya ta fitar da Najeriya ranar 23 ga wata kuwa unguwarmu tsit ta yi. To ki tambayi wanda ya ce tarihi ne, in bai san wannan ba yaya zai bayyana wa mai sauraro dalilin ihun?

Washegari, 24 ga wata, mutum 8 suka rasu a turmutsutsi a ƙofar filin Olembe a Yawunde kafin wasan Kamaru da Komoros, Allah ya jiƙan su. Wannan nake so ki daɗe a kai da su, don har yau yana min ciwo. Ɗan jaridan da iyakar saninsa satar gida da bugun kwana, ranar nan ba shi da abin tambaya. Wanda ya san jama'a shi zai tambayi ƙofa nawa aka buɗe, su wa ke tsaron ta, tikiti nawa aka raba, su waye mamatan kuma wa suka bari a gida. Duka mutum ɗaya ne ke riƙe da makirufo, ba a cewa bari a kira na sashen labarai.

Sai Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa da aka kafa 1986 ƙarƙashin kamfanin auduga SODECOTON, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta doke ta. Sunan kulob ɗin ma kaɗai ya isa darasi, gumin manomin auduga na ciki. A nan Vincent Aboubakar ya taso kafin ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka na 2017. Marigayi Issa Hayatou ma ɗan gidan sarautar Garwa ne, ya riƙe CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga 1988 zuwa 2017, su binciko masu yabonsa da masu sukarsa su kawo miki duka biyun.

Kuma don Allah kar ki bari su ɗauka ƙwallo ce kaɗai wasa. Dambe na nan, da kiɗansa da kirarinsa da layu a damtse, asalinsa sana'ar mahauta, an fi yin sa da kaka in amfanin gona ya shigo aljihu ya yi nauyi. Yaron da bai san cewa "ya kashe shi" a dambe na nufin ya kai shi ƙasa ba ai sai ya tayar wa gari hankali a rediyo. Ga kokawa, ga hawan dawaki a ƙofar Lamiɗo ranar salla. Ƴan matan ajin kuma ki ba su labarin Françoise Mbango, ƴar wasan tsalle ta Kamaru, da ta ciwo zinare a Olamfik har sau biyu, 2004 da 2008, sannan su je su tambayi iyaye a unguwa me ya sa ake hana ƴaƴa mata fita atisaye, su saurara da ladabi ba da gardama ba.

Aikin da nake ba nawa ɗaliban shi ne, ranar wasa kowa ya shiga fili da littafi amma ya juya wa ƴan wasa baya na minti 20, ya rubuta mai sayar da ruwa, da dattijon da ya manna rediyo a kunne alhali wasan na gabansa, da yaran da ke leƙe ta katanga. Ya kawo shafi ɗaya ba tare da ya ambaci ci nawa aka yi ba. Makon farko za su yi ta ƙorafi, ki daure, ki sa kowa ya karanta nasa da ƙarfi a gaban aji da Hausa ko Fulatanci kafin ya mayar da shi Faransanci. In kin gwada ki rubuto min yadda ta kaya.