Ka mayar da zane hoto, amma ka bar rubutu a rubutu

Wani mai sayar da kayan gyaran injina ya tambaya: "Ina da kasida ta PDF mai zanen kowane ƙarfe da lambarsa da farashinsa. A wayar wasu kwastomomi sai ta daɗe ba ta buɗe ba. Kwanan nan kuma na ga zanena a tallan wani. An ce in mayar da kowane shafi hoto ɗungurungum. In yi?"

Alhaji, kada ka yi shi yadda aka faɗa maka. Rabin shawarar daidai ne, sauran rabin kuma ciniki zai rage maka.

Zanen da ke cikin kasidarka irin wanda ake kira vekta ne. Umarni ne aka adana: a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi, a cika shi da launi. Duk lokacin da aka buɗe shafi sai waya ta zana kowane layi da kanta, kuma zanen injiniya mai dubban layuka shi ke shaƙe ta. Shi ya sa kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin da manhajar zane irin Inkscape ko Adobe Illustrator zai iya ciro zanen tsaf, ya goge tambarinka ya ɗora nasa. In ka mayar da zanen hoto mai ɗigo-ɗigo, kamar PNG, nauyin nan ya sauka, satar ma ta ƙara wuya.

Amma rubutu fa? Makanike ba karanta kasida yake yi daga farko zuwa ƙarshe ba. Lambar kaya yake bugawa a wurin bincike, ya kwafe ta ya turo maka ta WhatsApp. Ranar da shafin ya zama hoto, binciken ba zai nuna masa komai ba, sai ya ɗauka ba ka da kayan. Za a ce maka ai akwai manhajojin da ke karanto rubutu daga hoto. Akwai, sai dai sukan rikita sifili da harafin O, ko 1 da l. A lambar kaya, kuskuren harafi ɗaya ya isa a aika abin da ba shi ba, kuɗin dawo da shi kuma a kanka.

Saboda haka a raba aikin biyu. In mai zanenka yana da asalin fayil, ko a manhajar InDesign ko a CorelDRAW, abin da sauƙi: ya fitar da zanukan su kaɗai a PNG, ya mayar da su gurbinsu, rubutu bai taɓa shi ba. In PDF ɗin kawai ya rage, manhajar Ghostscript, wadda kyauta ce, tana iya cire rubutu daga shafi ko ta cire zane. A yi kwafi biyu, ɗaya ba rubutu a mayar da shi hoto, ɗaya rubutu zalla, sannan a ɗora na biyun a kan na farko da wata manhajar mai suna qpdf.

Nan akwai tarko. Masu zane sukan rufe tsohon farashi da farin akwati su rubuta sabo a sama, tsohon yana nan a ƙasa. Da an ɗora rubutu gaba ɗaya a saman hoto, sai biyun su fito a cakuɗe. Ka bi shafi-shafi da idonka. Ka kuma gwada ja wa wata kalma alama tun kafin a fara. In ta ƙi kamuwa, mai yiwuwa an riga an mayar da haruffan zane, sai an koma ga asalin fayil.

Kada a cika kaifin hoton ba dalili. Shafin A4 a ɗigo 300 kan kowane inci yana da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsayi, abin da ake bukata don bugawa a takarda ke nan. Na kallo a waya 150 ya wadatar, kuma jimillar ɗigon shafin kashi ɗaya cikin huɗu ne na wancan. Ka guji nau'in hoto na JPEG a zanen layuka, yana dusashe gefensu. Ƙaramin zane mai 'yan layuka kuwa sau da yawa ya fi sauƙi a vekta, a bar shi.

Batun sata, wannan ba ya hana ta, mai niyya zai bi hoton ya sake zanawa. Ka sa a buga tambarinka a cikin hoton kansa, a ratsa jikin ƙarfen, inda yanke shi zai ɓata zanen. Asalin vektan kuma ka riƙe shi a wurinka, domin shi maɗaba'a za ta nema in za ka buga babban allo. In har yanzu yana hannun mai zane, ka karɓe shi kafin ka biya cikon kuɗin wannan aikin, a kuma rubuta cewa naka ne.