Tambaya da Amsa: Sojan Faransa da Ya Juya Ya Yaƙi Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kakana na wajen uwa yana cikin 'yan mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Turawan Ingila, kuma har ya rasu yana alfahari da lambarsa. Kwanan nan na ji an ce shugaban Aljeriya na farko sojan Faransa ne kafin ya shiga yaƙin ƙwatar 'yanci. Shin gaskiya ne? Idan haka ne, wannan ba cin amana ba ne? Daga wani mai karatu a Azare, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kakanka. Abin da ka ji gaskiya ne. Ahmed Ben Bella, shugaban Aljeriya na farko, haifaffen garin Magniya da ke kusa da iyakar Maroko, ya yi wa Faransa aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a shekarar 1944 ya nuna jarunta a gumurzun Monte Kasino da ke Italiya, har Janar de Gaulle, jagoran Faransa a lokacin, da kansa ya maƙala masa lambar yabo a ƙirji. Ba shi kaɗai ba ne, domin Mustafa Ben Bulaid, wanda daga baya ya jagoranci mayaƙa a tsaunukan Aures, shi ma a Italiya ya yi yaƙi sanye da kakin Faransa.

Abin da ya sauya zukatansu ya faru ne ranar 8 ga Mayu, 1945, wato ranar da Turai ke bikin nasara a kan Jamus. Mutanen garin Setif na Aljeriya, wadda a lokacin Faransa ke mulkinta, sun fito zanga-zanga ɗauke da tutar Aljeriya, 'yan sanda suka buɗe wuta, tarzoma ta ɓarke, aka kashe Turawa kimanin 100. Ramuwar da ta biyo baya ta ɗauki makonni, da sojoji da jiragen yaƙi da Turawa mazauna ƙasar, kuma dubban mutane suka halaka. Aljeriyawa suna cewa 45,000 ne, masana tarihi da dama kuma suna kawo adadin da bai kai haka ba. Ka ɗauka soja ne ya sauko daga jirgin ruwa da lamba a ƙirji, ya isa ƙauyensu ya tarar an ƙone shi, kuma waɗanda suka ƙone shi irin kakinsa suke sanye da shi. A ganina, idan akwai wanda ya ci amana a nan, Faransa ce, wadda aka zubar da jini dominta ta kuma saka da wannan.

Daga nan Ben Bella ya shiga ƙungiyar asiri da ke shirin ɗaukar makami. A 1949 yana cikin waɗanda suka fasa gidan waya na Oran domin samun kuɗin gwagwarmaya, aka kama shi a 1950, ya tsere daga kurkukun Blida a 1952, ya nufi Alƙahira. Da FLN, ƙungiyar ƙwatar 'yancin Aljeriya, ta kunna wutar yaƙi ranar 1 ga Nuwamba, 1954, yana cikin jagororinta tara. Sai dai ya kamata ka sani cewa ba a daji ya yi nasa yaƙin ba. Aikinsa shi ne nemo makamai da goyon bayan ƙasashen waje, har zuwa Oktoban 1956, lokacin da Faransa ta karkatar da jirgin saman da ya ɗauko shi daga Maroko, ta tsare shi sai 1962. Ben Bulaid kuwa bai ga 'yancin ba, domin a Maris na 1956 wata rediyo da aka ɗana wa bam ta tashi da shi.

Game da kakanka da abokan yaƙinsa, su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen bariki ga yawancin sojojin Najeriya da ke cikinsu, sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, suna ɗauke da kaya a ka cikin damina da laka. Da suka dawo, da yawa ba su sami abin da aka yi musu alkawari ba. A Akara, babban birnin Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, an harbe tsofaffin sojoji uku da suka fito neman haƙƙinsu, abin da ya gaggauta 'yancin Gana. Mu a nan Najeriya ba a kai ga ɗaukar makami ba, saboda ba mu da Turawa kusan miliyan ɗaya da suka mallake gonaki kamar a Aljeriya, shi ya sa su Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa suka karɓi mulki a teburin shawara a 1960.

Aljeriya ta sami 'yanci ranar 5 ga Yuli, 1962, bayan yarjejeniyar tsagaita wuta da ta ƙulla da Faransa a garin Ebiyan. Ben Bella ya zama shugaban ƙasa a 1963, amma a Yunin 1965 ministan tsaronsa, Kanar Huwari Bumadiyan, ya hamɓarar da shi, aka tsare shi har 1980. Ya rasu a 2012, aka kuma yi masa jana'iza ta ƙasa a birnin Aljas.