Tambayi Likita: Rawar Hannu da Cutar Parkinson

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 67 ne, hannunsa na dama yana rawa kusan shekara guda. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa an ce lafiya lau, amma likita ya ce Parkinson ce. Ta yaya? (Wata baiwar Allah, Jidda)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar likitan ba ta ci karo da hoton ba. Wannan cuta da Larabawa ke kira shalalur ru'ash ba ta fitowa a hoton MRI na yau da kullum, gwajin jini ma ba ya nuna ta. Ana ɗaukar hoton ne don a tabbatar ba shanyewar jiki, ƙari ko taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ba ne.

Ido da hannun likita ne ke gano ta, kamar yadda James Parkinson ya fara bayyana ta a Landan a 1817, ta hanyar lura da marasa lafiya. Abu na farko da muke nema shi ne nawar motsi. Mukan ce mutum ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, sai mu ga motsin yana ƙanƙancewa har ya kusa tsayawa. Sannan mu lanƙwasa gwiwar hannunsa mu ji ko ta sandare, mu sa shi tafiya mu ga ko hannu ɗaya ya daina lilo. Ita kuwa rawar, tana zuwa ne idan hannu na ajiye a cinya, yatsu na murzawa kamar mai jan carbi. Tushen abin shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, shi ya sa idan aka ba da maganin levodopa, wanda ke cike gurbin dofamin, jiki ya saki, hujja ta ƙara ƙarfi. In akwai shakka, wasu manyan asibitoci na yin hoton DaTscan, mai nuna ko ƙwayoyin dofamin sun ragu.

Ranar komawa asibiti ki kwashe duk magungunansa a leda ki tafi da su. Maganin amai irin metoclopramide da na taɓin hankali irin haloperidol suna kawo alamu iri ɗaya.

Likita, shekarata 41, hannuna na rawa idan na ɗauki kofin shayi. Ita ce? (Wani tela, Makka)

Malam, rawar da ke tasowa lokacin aiki da hannu galibi wata ce daban, sau da yawa ta gado. A duba maka maƙoshi, wato tayirod, ka kuma rage gahawa. In ka ga rubutunka na ƙanƙancewa ko ƙafa na ja, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

An tabbatar min da ita watan jiya. Ban gaya wa kowa ba, ko masallaci na rage zuwa. Ina zan dosa? (Wani dattijo, Madina)

Baba, wasiƙarka ta taɓa min zuciya. Ka fara gaya wa mutum ɗaya a gida, wanda zai riƙa raka ka asibiti yana riƙe maka lokutan magani. Cutar ba a ɗaukarta daga wani, ba sammu ba ce, kuma mutane na shekaru masu yawa da ita suna harkokinsu. Ɗan damben nan Muhammad Ali ya rayu fiye da shekara 30 bayan an gano tasa a 1984.

Ka koma masallaci. Takawar nan magani ce, in tashi daga sujada ya yi wuya ka zauna a kujera. Ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi da motsa jiki, ka kuma tambayi likitanka ko akwai zaman da masu cutar ke haɗuwa. Layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, 937, yana ba da shawarar likita ta waya. Ka faɗa wa likitanka in kana fama da baƙin ciki, taurin bayan gida ko rashin barci, duk suna iya zuwa daga cutar kuma ana maganinsu.

Levodopa ya fi aiki in an sha shi minti 30 kafin abinci, don nama da madara na rage shigarsa jiki. Kada ka yanke shi kwatsam, akwai haɗari. Kafin Ramadan ku zauna da likita ku tsara yadda za a yi da azumi.