Zuwa ga ƙanwata matar fasto da ke shirin bin miji Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya same ni da safe, dawowata daga aiki ke nan ko takalmi ban cire ba. Kin ce maigidanki ya gama makarantar tauhidi a Jos, yana taimaka wa babban fasto a wata ikilisiyar Hausa a nan cikin Kano, yanzu kuma zuciyarsa ta karkata Ingila: ya yi digiri na biyu, in ya gama ya zauna ya yi aikin bishara. 'Ya'yanku biyu, ke kina koyarwa a firamare, kina tambaya ko ki ajiye aikin ki tattara ki bi shi. A ƙarshe kika ce ba ki taɓa gaya masa tsoro kike ji ba, don kada a ce matar fasto ta tare wa mijinta kira. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Shi ya sa zan amsa miki a fili, don na san akwai irinki da yawa da suka yi shiru.

Ni ma 'yar Kano ce. A Sabon Gari na tashi, a can aka yi mini baftisma, a can aka ɗaura mini aure, kuma har muka taso ina kaɗa tulu a ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci. A 2016 muka zo Bradford da ke arewacin Ingila, ni da baban yara da 'ya'ya uku, bayan wata ƙaramar ikilisiya ta kira shi ya zama fastonta.

Bari in fara da takarda, domin nan ne shirinku ya fara tangarɗa. Tun daga watan Janairun 2024 ɗalibin da ya zo digiri na biyu na zaman aji ba shi da izinin ɗauko mata da 'ya'ya. An bar wannan damar ga masu digirin bincike, irin na dakta, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan idan maigidanki ya bi ta hanyar da kika faɗa, shi kaɗai zai hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ke ki koma gida da yara. Kuma ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin da makaranta ke buɗe. Hanyar da ta dace da fasto ita ce bizar shugabannin addini, ita kuma ba a samunta sai wata ikilisiya a nan, wadda gwamnati ta ba lasisi, ta ba shi takardar ɗaukar nauyi. Wannan takarda ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya zaunar da ku a wani ofis a Kano ya ce ku kawo miliyoyi zai samo muku ita, ku tashi ku ba shi wuri, ko da ya buɗe zaman da addu'a. Akwai jarrabawar Turanci, akwai gwajin tarin fuka da sai kun je Abuja ko Legas, sannan ga kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun ba a taso ba. A farashin da aka sa a Fabrairun 2024, babba fam 1,035 ne a shekara, yaro fam 776. Ku huɗu, shekara uku, ya kama fam 10,866, ban sa kuɗin bizar kanta da na jirgi ba. A 2024 fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Ki ɗauki biro ki lissafa da kanki. Ubangiji da kansa ya ce wanda zai yi gini ya fara zama ya ƙidaya abin da zai ci masa, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin bangaskiya.

To, a ce takarda ta fito, kuɗi ya samu. Ga abin da za ki tarar.

Ranar Lahadinmu ta farko na ɗaura zanen zumunta, na kafa ɗaurin kallabi, na shirya yara tsaf. Muka shiga majami'ar dutse mai ɗaukar mutum ɗari uku, muka tarar da mutum ashirin da uku, yawancinsu tsofaffin mata masu furfura, kowacce da rigar sanyi a jikinta don hitar ba ta iya ɗumama ginin. Babu ganga, babu kacau-kacau, babu mai guɗa. Kafin awa ɗaya ta cika an yi albarka, aka koma ɗakin baya shan shayi da biskit. Ni da na saba a ƙofar coci sai an yi layi ana cire takalmi ana neman wurin zama, ranar ina komawa gida na shiga banɗaki na rufe na yi kuka, don kada yara su gani. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales sun dawo kashi 46 cikin ɗari, daga kashi 59 a 2011, karo na farko da suka gaza rabi. Masu zuwa sujada a cikinsu kuwa 'yan kaɗan ne. Gona akwai ta, da faɗi, amma ƙasar ta yi tauri, kuma wanda ya zo da tunanin lasifika da taron fili zai sha mamaki. A nan ba a tsayar da mutum a hanya a ce masa ina gajiya, balle a kai ga maganar rai madawwami.

Aikin da muka tarar na zama ne da jira. Rabon abinci ga mabuƙata ranar Laraba, kai tsoho asibiti, cika wa ɗan gudun hijira takarda, sauraron mutumin da ya yi kwana huɗu bai yi magana da kowa ba. Akwai wata dattijuwa a ikilisiyarmu da mijinta ya rasu a hunturunmu na biyu. Mu goma sha ɗaya muka je jana'iza, ana gamawa kowa ya shiga motarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na dafa shinkafa da miya na zuba a kula, na je na ƙwanƙwasa mata. Ta tambaye ni ko akwai abin da nake so, na ce babu, zama na zo yi, haka muke yi a garinmu. Na zauna a kujerar da ke kusa da taga, ita tana ta juya zoben hannunta, agogon bango na bugawa, har aka yi awa biyu ba mu ce uffan ba. Na koma kwana uku a jere. A rana ta uku ta ɗauko hotunan aurensu ta baza a tebur, ta fara magana, ba ta tsaya ba sai da duhu ya yi. Zaman makokin da na koya a tsakar gidajen Kano, wanda ban taɓa ɗauka wani abu ba ne, shi ya fara buɗe mana ƙofofi a unguwar nan. Kuma ki lura, ni na yi shi, ba Fasto ba. Mace mai zaman kaɗaici ba za ta buɗe wa baƙon namiji ƙofa haka ba.

Inda nake son ki fahimce ni ke nan. Takardar kira sunan maigidanki za a rubuta a kai, amma nauyin a kanki zai fi sauka. Albashin fasto a ƙaramar ikilisiya ba ya riƙe gida a nan, baikon Lahadi kuwa da ƙyar yake biyan wuta da gyaran rufi. Bizarku ba ta ba ku damar karɓar tallafin gwamnati ba. Shi takardarsa ta ɗaure shi ga ikilisiyar da ta ɗauko shi, ke ce kike da 'yancin yin kowane aiki, saboda haka ke za ki fita nema. Takardar koyarwarki ba za ta sa a ba ki aji kai tsaye ba. Ni shekara takwas ke nan ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, in yi musu wanka, in canza musu shimfiɗa, in fito ƙarfe takwas na safe, ranar Lahadi in watsa ruwa in wuce koyar da makarantar Lahadi. Ba na raina aikin, na ga hannun Allah a cikinsa. Amma da an gaya mini tun ina Kano, da na shirya zuciyata.

Gidan da aka yi mana alkawari, da muka iso ɗaki biyu ne a saman wani shago, bangon ya yi baƙi da danshi, ƙaramarmu ta yi ta tari har bazara. Babu takardar da za mu nuna, don da baki aka yi maganar. Ku sa a rubuta komai: albashi, gida, wa zai biya wuta da harajin gida na ƙaramar hukuma, wa zai biya sabunta biza, yaushe ne hutu.

Sai maganar yara, wadda ta fi komai ci mini rai. A Kano ɗanki na unguwa ne. Ki leƙa ki ce wa maƙwabciya ga su nan zan shiga Yankura, shi ke nan. A nan barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida zai iya kai ki gaban hukuma, kuɗin mai reno kuwa ya kusa cinye abin da kika samo. Bulala ki bar ta a Kano. Scotland ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma in duka ya bar shaida a jiki laifi ne. Ɗana na tsakiya ya taɓa ce wa malamarsa in ya koma gida da rigarsa a yage Mama za ta zane shi. Kafin mako ya ƙare ma'aikatan kare yara na zaune a falona da littafin rubutu. An rabu lafiya, amma da ta ɓaci, aikin mahaifinsa zai taɓa, domin duk mai hidima da yara a coci sai an binciki tarihinsa. Abin da ya fi wannan zafi shi ne harshe. Cikin shekara biyu ina yi musu Hausa suna amsa mini da Turanci. Ranar da kakarsu ta kira ta bidiyo ƙaramar ta kasa amsa ina kwana, na ga tsohuwa ta kau da kai tana goge ido da gefen mayafi. Daga ranar muka kafa doka: addu'ar safe da ta dare da Hausa, kowa ya karanta aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, mu rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi. Ya taimaka, amma ba zan ce miki mun ci nasara duka ba.

Maigidanki zai kawo miki misalin Turawan mishan da suka bar ƙasarsu suka zo mana, kuma gaskiyarsa. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasarmu, biyu daga ciki suka mutu kafin su ga amfanin komai. Amma ki tuna masa da abin da ya biyo baya. Da iyalai suka fara zuwa, ƙungiyar mishan ɗinsu, SIM, ta tsaya a bayansu: akwai masu aiko da kuɗi duk wata, akwai gidan hutu a Miango, akwai makarantar 'ya'yansu a can, akwai hutun komawa gida bayan 'yan shekaru. Da irin wannan tsari aka tsayar da asibitin ido na Kano tun 1943, har aka kafa ikilisiyar ECWA a 1954, wadda ke da nata reshen aika masu bishara, EMS. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Barnaba da Shawulu ma ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi, ta ɗora musu hannu, ta sallame su, kuma wurinta suka dawo suka ba da rahoto. Wa ke aiken ku? Dattawan ikilisiyarku sun zauna a kan maganar? In ya kwanta ciwo, ko ikilisiyar nan ta ce ta fasa, wa za ku kira? Na ga iyalin da suka aiki kansu da kansu, yau mijin na tuƙin kai kaya, matar ta daina zuwa sujada don ɓacin rai.

Akwai wata kyauta da kuke da ita wadda ba ku san darajarta ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Bradford Musulmi ne, yawancinsu asalin Pakistan. 'Yan ikilisiyarmu sun yi shekara talatin a layi ɗaya da su ba su taɓa shiga gidajensu ba. Ni kuwa da na tashi ina jin kiran asuba, na san a yi sallama, na san ba a kai wa mai azumi ziyara da tsakar rana, na san a ce barka da shan ruwa. Maƙwabciyata takan aiko da abincin Sallah, ni in mayar da kwanon da cincin lokacin Kirsimeti, kamar dai yadda muke yi a gida. Ɗaliban jami'a 'yan Kano da Katsina kuwa, da sun ji akwai gidan da ake tuƙa tuwo da miyar kuka, ba sa tambayar wane addini ne mai gidan. Mukan ci, a yi hirar Kwari da zafin Afrilu, in lokacin salla ya yi in nuna musu ɗakin yara. Fasto ya ce rabin abin da ya sani game da garin nan a kan tabarmar falona ya ji shi.

Yanzu maganar tsoronki. Ki gaya masa, a daren nan in da hali, bayan yara sun kwanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ke kika san ƙarfinki da na 'ya'yanki. Ni na yi shiru irin naki, na ce to a kan komai, sai da muka yi shekara a nan, a watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, na fashe masa da abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai, ya ce don me ban faɗa ba tun muna gida. Da na faɗa, da mun zo duk da haka, ina jin, amma da mun jinkirta shekara guda, mun nemi takarda a rubuce, na koyi wani aikin hannu.

Kada ki ajiye aikinki sai biza ta shiga fasfo ɗinku ku huɗu. Idan karatun ne kawai a gabansa, ku auna ko ya yi shi a gida, ko ya je shekara guda ya dawo ku ci gaba da hidimar da ke hannunku, don Kano ma ba ta ƙoshi da ma'aikata ba. In kuwa tafiyar ta tabbata, ki zo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ki bar kilishi da man shanu don ba a shigo da nama ko kayan madara, za a karɓe a filin jirgi. Ki sa littafin waƙoƙinki a jakar hannu. Ki sanar da ni ranar saukarku, mu zo mu tare ku da rigunan sanyin yara. Ki gaishe da Fasto, ki gaishe mini da matan zumunta.